Layin da gwamnatin Nepal ta yanke

Ranar 4 ga Satumba 2025 gwamnatin Nepal ta toshe shafukan sada zumunta 26, ciki har da Facebook da WhatsApp da YouTube, wai don sun ƙi yin rajista da hukuma. Kwana biyar kacal bayan haka, sakamakon zanga-zangar matasa, Firaminista K.P. Sharma Oli ya ajiye mulki, ginin majalisa kuma yana ci da wuta a Katmandu. Wasu suka ce ai yara ne suka fusata don an ƙwace musu abin wasa. Mai faɗin haka bai san Nepal ba.

A can, WhatsApp ne igiyar da ta haɗa tsohuwa a ƙauyen kan dutse da ɗanta mai ɗaukar bulo a Katar ko gadi a Malesiya. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. To, gwamnatin da ta kasa samar wa matashi aiki a gida, ya fita waje yana riƙe ta da guminsa, sai kuma ta hana shi jin muryar iyalinsa? An doke shi, an hana shi kuka ke nan.

Dama tura ta daɗe da kaiwa bango. Yaƙin 'yan tawayen kwaminis masu bin aƙidar Mao, daga 1996 zuwa 2006, ya ci rayuka kusan 17,000. A 2008 aka kawar da sarautar da ta yi shekara kusan 240, a 2015 aka yi sabon kundin tsarin mulki. Daga wannan shekara kujerar firaminista ta koma kamar adashe tsakanin dattawa uku: Oli da Sher Bahadur Deuba da Prachanda. Yau abokan gaba, gobe abokan kafa gwamnati, kowa yana jiran kwasarsa. Shi Deuba sau biyar yana hawa. 'Ya'yan manya kuwa suna ta baza hotunan jin daɗinsu a intanet, kuma waɗannan hotuna matasa suka riƙa yaɗawa kafin a toshe shafukan.

Duk da haka, ƙila da zanga-zangar ta lafa da jami'an tsaro ba su buɗe wuta ranar 8 ga wata ba. Mutum 19 suka mutu ran nan, kafin ƙura ta kwanta adadin ya haura 70.

Inda na raba gari da masu murna shi ne ƙone-ƙonen. Naɗa Sushila Karki, tsohuwar babbar alƙaliyar ƙasa, a matsayin firaministar riƙon ƙwarya, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera, ya dace. Amma an cinna wa Kotun Ƙoli wuta, takardun shari'a masu ɗimbin yawa sun zama toka, alhali gurfanar da ɓarayin dukiyar jama'a ne babbar buƙatar waɗanda suka fito titi.