Nasu a Bango, Namu a Cikin Waya

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas ya taɓa shiga falon maƙwabcinsa Bayarabe, ko don barka ko don ta'aziyya, kuma ya san abin da ido ke fara cin karo da shi. Ga hoton tsohon da ya kafa gidan cikin babbar riga, ga na uwargida da ɗaurin ashoke, ga na yaron da ya gama jami'a, ga na ranar aure wanda ya fara koɗewa amma ba a sauke shi ba. Kafin a kawo maka ruwa ka san asalin gidan. Ka dawo ɗakunanmu na Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, bango fayau, in ban da agogo da Ayatul Kursiyyu da kalandar wani biki ko ta ɗan takara. Kuma ba don ba ma son hoto ba ne. A duba wayar kowane matashinmu bayan Sallah, ko ta kowace mace bayan kamu da walima, za a tarar da ɗaruruwa.

A da muna da namu tsarin, kuma ya dace da mu. Albam ne. A Kano inda na tashi, baƙo in ya zauna ya sha ruwa, sai a miƙo masa albam ya riƙa buɗewa, mai ɗaki tana gaya masa wannan wance ce, wannan ranar sunan wane ne. Wanda aka yarda da shi ne yake gani, in an gama a mayar cikin kabad. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, don haka ba a ɗauka sai an shirya, kuma duk abin da aka ɗauka sai an kai an wanke, a dawo da shi cikin ambulan tare da nagetif. Wannan zamani ya wuce, har kamfanin Kodak kansa sai da ya durƙushe a 2012. Abin da ke damuna shi ne maƙwabtanmu sun rasa fim amma bangonsu yana nan, mu kuwa albam ya tafi ba mu maye gurbinsa da komai ba sai waya. Waya kuma a garin nan kowa ya san ƙarshenta: a zare ta a cikin danfo, ko ta faɗa ruwa, ko a kai ta gyara Computer Village a Ikeja a ce sai an goge komai. Mafi ciwo, mutum ya rasu wayarsa a kulle, iyali suna riƙe da ita a hannu, hotunan shekara goma suna ciki, ba mai iya buɗewa.

Na san abin da wasu za su fara tunawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi saɓani a kan ko hoton kyamara ya shiga ciki, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa, kuma da yawa daga masu sassautawar ma ba sa son a rataye hoton mai rai. Ba ni ne zan raba wannan gardama ba, kowa ya tambayi malaminsa. Akwai kuma kunya, wadda nake ganin gaskiya ce tsantsa: ba na son hoton iyalina a falon da kowane baƙo ke shiga, kuma ban ga abin koyi ba a wajen wanda yake yin haka. Don haka ba cewa nake mu kwafi Yarbawa ba. Abin da nake cewa shi ne mun fake da waɗannan dalilai biyu mun bar har abin da ba su hana ba. Ban san malamin da ya hana hoton Dutsen Dala ba, ko na ganuwa, ko na gonar dawa ana gab da girbi, ko na ƙofar zauren gidanku, ko na masallacin unguwarku. Fuskoki kuma a wanke su a sa a albam kamar yadda iyayenmu suka yi.

Yaranmu da aka haifa a nan su ne dalilina na farko. Suna jin Yarbanci, suna buroka kamar 'yan gari, gida kuwa sai Sallah, wata shekarar ma kuɗin mota ya hana. Kana ba su labarin rumbun kakansu da kukar da ke bakin gari, suna sauraro kamar tatsuniya. Gani ya kori ji. Abin da yaro ya buɗe ido ya gani kullum a bangon ɗakinsu yana zama nasa, ranar da ya je ya tarar da wannan kuka ba zai ji shi baƙo ba. Shi ya sa nake nanata cewa hoton da ka ɗauka da hannunka, ba irin waɗanda ake tallansu a bakin titi cikin firam mai ruwan zinare ba, masu ruwa yana gangarowa daga wani dutse na ƙasar da ba wanda ya sani. Waɗannan ado ne kawai. Naka ko ya ɗan karkace, akwai wanda zai tsaya gabansa ya ce nan ne ɗakin Inna.

Dalili na biyu ya fi gida ɗaya girma. Tsofaffin hotunan Kano da Katsina da Zariya da muke yaɗawa a Facebook muna jin daɗi, yawancinsu Turawa ne suka ɗauka, abin da ya burge su suka ɗauka, kuma sun kai ga zamaninmu ne don an wanke su an adana. A nan Legas an yi wani mai hoto, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya dinga ɗaukar kitson mata har ya tara kusan dubu, galibi daga ƙeya ko daga gefe, kitson ne abin kallo. Ya rasu a 2014, hotunansa suna rataye a manyan gidajen nuni na duniya. Tun 2010 kuma ake yin bikin LagosPhoto, inda ake buga hotuna manya-manya a kafa su a fili kowa ya gani. Ni idan na ga irin wannan, zanen bangon gidajen ƙasa na Zariya nake tunawa, da ake rushewa ana zuba bulo, da marinar Ƙofar Mata, da hawan Daushe, da kwalliyar dawaki. Muna ɗaukarsu kuwa, sai dai a waya suke mutuwa.

Wanda ya yi niyyar wanke hoto, matsala ta farko tun kafin ya bar gida take. Yawancinmu hoton da aka turo ta WhatsApp muke kaiwa, alhali manhajar tana matse hoto ta rage shi, dogon gefensa ya dawo ɗigo 1600 ko kusa da haka, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, kenan wannan hoto bai fi inci biyar da ɗoriya ba. Ka ce a yi maka shi inci 16 da 20, sai fuska ta fito a dame. Hoton asali na waya mai megafiksel 12 kuwa yana da ɗigo kusan 4000 da 3000, yana ba da inci 13 da 10 tsaf, har ya wuce haka in daga nesa za a kalla. Don haka wanda ya ɗauka shi za a nema, ya turo a matsayin fayil, ko a kwashe da kebul. Sai a kula da yanka: tsawo da faɗin hoton waya huɗu bisa uku ne, takardar inci 4 da 6 kuma ta fi shi tsawo, in ba ka tsaya a kan mai injin ba zai cike takardar ya datse hula ko ƙafa. Kuma fuskar waya haske take fitarwa, takarda ba ta yi, shi ya sa bugu ke fitowa da ɗan duhu. A fara gwada ƙarami kafin a biya kuɗin babba.

Wajen bugawa ba wahala, Shomolu cike take da masu ɗab'i, kowace unguwa kuma akwai shagon hoto. Amma injin da ke buga fosta da banar biki aikinsa daban, an yi shi don abin da za a kalla mako guda a yar. A nemi takardar hoto ta gaske. In injin tawada ne, a tambaya wace iri ce, don akwai mai narkewa a ruwa wadda haske ke cinyewa da wuri, akwai mai ƙwayoyin launi wadda ta fi jimiri nesa ba kusa ba, ita ce kuma ta fi tsada.

Inda Legas ta sha bamban da gida ƙwarai shi ne firam, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin asara, don da ilimin Arewa muke zuwa. A Kano maƙiyin hoto ƙura ce da rana. Hunturu ya busa, iska ta bushe ƙayau, takarda ta lanƙwashe, ƙura ta shiga ta bayan firam, amma hoto yana iya shekara ashirin a jikin gilashi bai kama ba. A nan laima ce, wato danshi. Ruwan da ake yi a Legas ya kusa ninka na Kano, danshin iska kuma yakan haura kashi 80 cikin ɗari, musamman a Yuni da Yuli. Fuskar takardar hoto tana yin laushi in ta sha danshi, ta manne da gilashi, ranar da ka zo cirewa sai ta bar rabin hoton a can. Fumfuna kuma ta bi ta baya, ta fito ɗigo-ɗigo. Maganin ba tsada gare shi ba: kada hoto ya taɓa gilashi. A sa farin kwali mai kauri da aka yanke wa taga a tsakiya, ya shiga tsakaninsu, ya bar 'yar iska, ya kuma ƙara wa hoton kwarjini. Masu firam da yawa ba za su sa ba sai ka nema, ka nema.

Bayan firam ma abin dubawa ne. Kwalin katan da wasu ke yankawa su toshe baya da shi yana sa takarda ta yi ja da daɗewa, ga shi yana tsotsar ruwa. Allon da ake yi da dusar katako shi ma kumbura yake in ya sha laima. A bango kuma, a guji wanda ruwan sama ke duka ta waje, da wanda ke jingine da banɗaki ko kicin, da inda rana ke faɗowa ta taga. A liƙa ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa ta baya don firam ya ɗan ɗaga, iska ta riƙa wucewa. Masu zama kusa da ruwa, irin su Obalende, su sani ƙusa da waya suna tsatsa da wuri. Galibinmu 'yan haya ne, mai gida ba ya son a huda masa bango, ga tashi ba sanarwa, don haka ƙananan firam uku sun fi ƙato ɗaya sauƙin ɗauka.

Akwai abin da ake yayi yanzu, a liƙa hoto a kan allo a shafe shi da leda ba gilashi. Ga sabon hoton da kake da asalinsa a ajiye, ba laifi, in ya lalace ka sake bugawa. Amma don Allah kada a yi wa tsohon hoto lamineshin, wato wannan shafe shi da leda. Zafi da gam ne, in ya kama ba ya fita, in ruwa ya sami kafa ta gefe kuma ya zauna ciki kenan. Hoton Baba na baƙi da fari, ko na Hajiya ranar dawowa daga Makka, wanda shi kaɗai ne a duniya, a kai a yi masa sikanin, a buga sabo a yi abin da ake so da shi, asalin a sa a ambulan mai tsabta a ajiye inda ba danshi. In da hali ma a bar shi a Arewa, can ya fi samun lafiya, in dai an tsare shi daga gara.

Duk wanda za a wanke, a yi biyu, ɗaya a ba mai tafiya gida ya kai wa 'yan uwa. A bayan kowanne kuma a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, da garin, da shekarar, tun masu sanin fuskokin suna raye. A rubuta a gefe, kada a danna, kuma da fensir mai laushi, don tawadar biro takan ratsa takarda ta ɓullo ta gaba.