Wai gidan ƙasa ba shi da tarihi

A Faransa, duk ƙarshen mako na uku na watan Satumba akan buɗe tsofaffin gine-gine kowa ya shiga ya ba ido abinci. Tun 1984 suke yin haka. Bana wani abokin aikina ya ja ni gidan kakanninsa a wani ƙaramin gari na yankin Alzas, kusa da iyakar Jamus.

Gida ne na katako baƙaƙe da aka giggicciya, tagogi ƙanana, furanni jajaye jere a bakin kowace. A saman ƙofa an sassaƙa sunan wanda ya gina shi da na matarsa da shekarar ginin. Goggonsa ta fito da akwati cike da takardun gado da na sayen fili, har da kwafin taswirar filaye irin wadda Napoleon ya sa aka fara a 1807. Ta ce ko fentin taga ba za su sake ba sai da izinin hukuma, don suna cikin mita 500 daga wani tsohon coci da doka ta kare.

Da aka tambaye ni namu gidan na ce na ƙasa ne, sai mijinta ya yi murmushi ya ce ai irin waɗannan damina biyu ta wanke su, me za a tuna? Na kalli bangon da yake jingine da shi. Tsakanin katakon nan laka ce aka kwaɓa da ciyawa, an dai shafe ta da farar ƙasa!

Gidanmu na Banyo, a Kamaru, kakan mahaifina ne ya kafa shi, Bakano, falken goro, zamanin da ayari ke ɗauko goro daga ƙasar Banso ya ratsa Banyo zuwa Yola. A zaurenmu fatake ke sauka. Gidan yana tsaye Jamusawa suka shigo, yana tsaye Ingilishi suka kore su daga kan dutsen Banyo a 1915. An yi masa yaɓe ba iyaka, an sauya jinka, daga baya aka sa kwano. Ba mu rubuta komai a ƙofa ba, amma tambayi Goggo Babba ɗakin da aka haifi kowa, za ta zayyano maka har da wanda ya yanka ragon suna.

Ban ce takarda ba ta da amfani ba. Wanda ya taɓa zaryar neman takardar mallakar fili a Kamaru ya san darajarta. Sai dai gidan nasu babu mai kwana a ciki, sai hutun Agusta. An share, an goge, ba kukan yaro, ba hayaƙin murhu, rijiyar tsakar gida ma an cika ta da furanni. Idan wannan ne adana tarihi, a bar mini namu da awakinsa.

Abin da ya hana ni barci ma ba maganar Baturen ba ce. Makon nan na ji, a bakin wata ƙanwata, cewa Yaya ya yi magana da magina za a rushe zauren a fitar da shaguna na bulo, wai gefen titi ya yi daraja. Yaya, da girmanka, lokacin kuɗin kwano da na asibitin Baffa ba a rasa lambata ba. Ni ma magaji ne. Kada gatari ya taɓa zauren nan sai na zo hutun Disamba mun zauna gaban Goggo Babba.