Lasisin da ke ƙarewa a tsakiyar gada

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame salla a wani masallacinmu na unguwar Bronx a birnin New York, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ya riƙo hannuna tun kafin in gama sa takalmi. Ya ce, "Barista, yarona ne a Newark mai gida ya maka shi kotu kan kuɗin haya. Ka taimaka ka tsaya masa." Na ce, "Baba, wallahi ba ni da ikon tsayawa a kotun can." Ya yi mini kallon wanda ya kama maƙaryaci. "Newark ɗin nan da ko rabin awa ba a yi daga Manhattan? Ashe kai ba cikakken lauya ba ne?"

Lauya ne, har sau biyu ma. An rantsar da ni a Abuja, an sake rantsar da ni a New York. Amma a Amurka kowace jiha ita ke ba da nata lasisin, nawa kuwa iyakarsa tsakiyar gadar George Washington. Da zarar ka gangara ɗaya ɓangaren kogin Hudson ka shiga jihar New Jersey, inda Newark take, ni da mai sayar da shayi matsayinmu ɗaya a kotun jiha. Sai dai shari'ar shige da fice, wadda ta gwamnatin tarayya ce, lasisin kowace jiha na aiki a kanta. Shi ya sa za ka ga lauyoyinmu da yawa a nan sun tattara sun koma harkar takardun zama.

Hujjar da ake kafawa ita ce dokokin jihohi sun bambanta. To mu duba jarrabawar kanta. Tun Yulin 2016 New York ta koma jarrabawar bai-ɗaya da ake kira UBE, wadda jihohi kusan arba'in suka ɗauka. Kwana biyu ake yi, a ƙarshen Fabrairu ko ƙarshen Yuli. Ranar farko ayyuka biyu na rubuta takardar shari'a, kowanne minti 90, sai tambayoyin bayani shida, kowacce minti 30. Rana ta biyu tambayoyin zaɓi 200 cikin awa shida. Maki 400 ne gaba ɗaya, New York na neman 266. A cikin duk wannan babu inda aka tambaye ka dokar New York ita kanta. Ita dokar jihar an ware mata wata 'yar jarrabawa ta intanet mai tambaya 50, kana zaune a ɗakinka, littafi a buɗe gabanka. New Jersey ma UBE take yi, ita ma 266 take nema. Takarda ɗaya, maki ɗaya, amma ba za ta karɓe ni ba, don tana son digirin lauya daga makarantar Amurka wadda ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta amince da ita. Wannan ba kare jama'a ba ne, tsare bakin kasuwa ne.

Mu a gida ai mun fi su bambancin doka. Arewa na da kundin hukunta laifuka nata tun 1960, Kudu na da nata daban. Tun da Zamfara ta buɗe hanya a 1999, jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Ga dokokin gargajiya kan gado da filaye, kowace ƙabila da nata. Duk da haka, da an rubuta sunanka a rajistar Kotun Ƙoli, ka iya tsayawa gaban alƙali a Gusau ranar Litinin, Laraba ka tsaya a Fatakwal. Wanda bai san dokar wuri ba sai ya je ya karanta, ai aikin lauya ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake shirya mutum. Bayan shekara biyar a jami'a, na yi shekarata a Makarantar Horas da Lauyoyi reshen Bagauda, a jihar Kano. Darussa biyar ne, kuma duk na aiki ne: ƙarar farar hula, ƙarar laifi, harkar filaye da kadarori, dokar kamfanoni, da ladubban sana'a. Aka tura mu kotu muka yi makonni muna kallo, aka sake tura mu ofishin lauya. A can na fara ganin yadda magatakarda ke kiran ƙara, yadda babban lauya ke rusunawa ya ce "ya mai shari'a" ko da ransa a ɓace yake, da yadda fayil ke ɓacewa idan ba ka iya gaisuwa ba. Ba a koyon wannan a littafi.

A nan kuwa, mutum zai yi shekara huɗu a jami'a, ya ƙara uku a makarantar lauya da bashin da zai kai shi furfura, sannan ya biya wani kamfani dubban daloli ya yi masa haddar wata biyu. New York dai ta wajabta aikin sa-kai na awa 50 da wata jarrabawar ladubba. Ni kuɗin rajista dala 750 na biya, ɗan makarantar Amurka 250. Na shiga wani makeken zaure da fensir da katin shaida a cikin farar leda, mutum dubbai, ba ka jin komai sai tari da ƙarar kwamfuta. A zaman farko maki bakwai suka kayar da ni. Na koma tuƙin tasi da dare, da rana ina hadda, a na biyu Allah ya yi.

Ba na cewa namu ba shi da tabo. Jami'o'i na ɗibar ɗalibai fiye da gurbin da aka ba su, yaro ya gama digiri ya zauna shekara da shekaru yana jiran kujera a makarantar horaswa. Ga liyafar cin abinci sau uku da aka mayar sharaɗi, ga hular gashin nan da muke zufa a cikinta alhali Turawan da suka kawo ta sun rage sa ta. Kuma gaskiya New York ta yi mini adalcin da mu ba ma yi wa baƙo: ta duba takarduna, ta ga dokarmu daga ta Ingila ta samo tushe, ta bar ni na zauna. Wanda ya karanto lauya a waje ya dawo Najeriya sai ya yi ƙarin kwas kafin ma ya shiga shekarar horon.

Su kansu Amurkawan bakinsu bai zo ɗaya ba. A Wisconsin, wanda ya gama ɗaya daga cikin makarantun lauya biyu na jihar ba ya zama jarrabawar sam. Kalifoniya da Bajiniya kuwa suna barin mutum ya yi almajiranci a ofishin lauya ba tare da makaranta ba, kamar yadda Abraham Lincoln ya zama lauya bai taɓa shiga ajinta ba.

Baba dai na rubuta masa lambar wata lauya a Newark, yarinyar da aka rantsar bara. Ta kira ni daren Lahadi tana tambayar me ake fara cewa idan alƙali ya zauna.