Masarar tsoho Franklin, da masarar da aka ƙona

Ranar 5 ga Maris 1780, wani dattijo mai shekara 74 ya zauna a Passy, wani ƙauye a gefen birnin Paris, ya rubuta wa Janar George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, wasiƙa. Benjamin Franklin ke nan, jakadan Amurka a Faransa. Ƙasar tasu ba ta kai shekara huɗu da shelar 'yanci ba, yaƙi da Ingila kuwa ya doshi shekara biyar. Ya ce masa shi kam tafiya ta kusa, amma Washington na iya ganin ranar da ƙasar za ta bunƙasa. Sai ya kawo misali da gonar masara: rana ta gasa ta har ganye ya yi yaushi ya koɗe, hadari ya biyo baya da iska da ƙanƙara, a ce ta kwanta ke nan. Amma da gari ya lafa sai ta miƙe, ta yi kore shar, har mai wucewa ya tsaya kallo.

Duk wanda ya taɓa fita gona da safe bayan ruwan iska, ya tarar da shuka kwance cikin taɓo, ya dawo bayan kwana uku ya same ta tsaye, ya san tsohon bai yi ƙarya ba.

Lokacin da ya faɗi maganar ne abin dubawa. Sojojin Washington suna Morristown, cikin hunturun da ya fi kowane tsanani a yaƙin, yunwa na cin su. Kuɗin takarda da majalisar Amurka ta buga ya lalace, har a cikin wannan watan aka amince dala 40 ta takarda daidai take da ɗaya ta azurfa. A watan Mayu birnin Charleston ya faɗi, aka kama soja kusan 5,000. A Satumba aka gano Janar Benedict Arnold ya ci amana.

Dattawa masu cewa gobe za ta yi kyau ba su da wuyar samu. Zaman inuwa ya fi dacewa da irin wannan magana. Abin da ya sa nake ɗaukar ta Franklin da nauyi shi ne yana biyan kuɗinta. Shi ya sa hannu a yarjejeniyar ƙawance da Faransa a 1778. Shi ke zarya wurin ministan harkokin wajen Faransa, Vergennes, yana roƙon bashi, ga ciwon gaɓoɓi, ga majalisa can gida tana turo masa takardun biyan kuɗin da babu su. Ɗansa na cikinsa, William, ya zaɓi ɓangaren sarkin Ingila, kuma ba su sake shiri na gaskiya ba har tsohon ya mutu. Sojojin Faransa da jiragen ruwanta ne suka taimaka aka ƙure Ingila a Yorktown a 1781. Franklin ya sa hannu a sulhun 1783, ya rasu a Afrilun 1790, Washington yana shugaban ƙasa.

To amma gonar ta wa ce? Nan ne nake rabuwa da masu karanta wasiƙar suna share hawaye. Masara dai amfanin gonar mutanen asalin ƙasar ce, su suka koya wa Turawa nomanta. Watanni kaɗan kafin wasiƙar, a 1779, Washington ya tura Janar John Sullivan ƙasar Iroquois, wasu ƙabilun mutanen asali da yawancinsu suka goyi bayan Ingila, da umarnin a rushe garuruwansu a lalata amfanin gonarsu. An ƙona garuruwa kusan 40, da rumbuna, da masarar da ke tsaye. Waɗanda suka tsira suka gudu sansanin Ingila da ke Niagara, hunturu ya same su ba hatsi. Ga kuma bayi kusan 700,000 da ƙidayar 1790 ta nuna. Franklin da kansa ya taɓa mallakar bayi. Sai dab da mutuwarsa ya sa hannu a takardar neman majalisa ta hana bauta, majalisa kuwa ta yi biris da ita.

A ƙarshen 1790 shugabannin Seneca, ɗaya daga cikin ƙabilun Iroquois, suka je Philadelphia suka kai wa Shugaba Washington kokensu. Suka tuna masa sunan da suke kiransa da shi tun shigowar sojojinsa ƙasarsu: Mai Rushe Garuruwa. Suka ce har lokacin, in aka ambaci sunan, matansu sai sun waiga, yara su maƙale a wuyan iyayensu.