Nasiha ga ɗalibai masu fita aikin sa kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai.

Duk wanda ya taɓa bin tawagar aikin sa kai, ko gyaran aji ne ko koyar da yara ko rabon kayan agaji, ya san abin da ke faruwa a hanya. Waɗanda suka shekara a aji ɗaya ba su wuce gaisuwa ba, sai ga su suna shan ruwa a kofi ɗaya, wannan na tashin wancan sallar Asuba. Ni'ima ce daga Allah, kuma tana da asali.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, wato mutanen ƙabilar Abu Musa ɗin. Idan guzurinsu ya ƙare a fagen yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara ɗan abin da ya rage a mayafi ɗaya, su raba daidai wa daida da mazubi ɗaya. Ya ce: "Su daga gare ni suke, ni ma daga gare su nake."

Sai dai a kowace tawaga akwai masu jiran a yi musu. Anas ya ba da labarin wata tafiya da suka yi tare da Annabi (SAW) a ranar tsananin zafi, har wani da tafin hannunsa yake kare rana. Da aka yada zango, masu azumi suka zube don gajiya, waɗanda ba su yi azumi ba suka tashi suka kafa tantuna, suka shayar da dabbobi. Sai Annabi (SAW) ya ce: "Yau marasa azumi sun tafi da ladan." Ka duba fa, mai azumi ma aka sha gabansa da hidima, balle kai da ka kwanta kana danna waya wani yana wanke kwanon da ka ci.

Maganar waya kuwa, a ji tsoron Allah. Dattijon da ka miƙa wa kaya yana da mutuncin da yake karewa, kada ka watsa fuskarsa a Facebook ba da izininsa ba. A Suratul Insan, aya ta 9, bayin Allah cewa suka yi don Allah kawai suke ciyarwa, ba sa neman sakayya ko godiya. Kuma mutanen da za ku je wa suna da shugabanninsu da tsarin taimakon junansu tun kafin ku zo. Ku gaishe su, ku tambayi abin da suke buƙata kafin ku ɗauki shebur.

Kafin mota ta tashi ku naɗa jagora, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ku raba aikin shara, girki da ɗebo ruwa tun daren farko, a sa sunan jagoran a ciki.