Makauniyar Kyamara

Wata huɗu na yi ina karatun kyamara marar madubi kafin in fitar da ko sisi, kuma da ana ba da takardar shaida a wannan fanni da tuni tawa tana rataye a falo. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa maka cewa Panasonic ce ta buɗe wannan hanya a 2008 da Lumix G1, Sony ta zo da A7 mai cikakkiyar sensa (sensa ita ce ɗan farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto) a 2013, su Canon da Nikon kuwa sai a 2018 suka fito da nasu masu cikakkiyar sensar. Na haddace cewa cikakkiyar sensa milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsayi. Ba wanda ya tambaye ni, amma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni sai ya ji.

Wadda ta fi kowa shan wannan karatu ita ce uwargida. Wani dare na zaunar da ita ina yi mata bayani: tsohuwar kyamara tana da ɗan madubi a cikinta mai karkato haske zuwa idon mai ɗauka, in ka danna sai ya ɗaga ya koma, shi ne ƙarar nan da ake ji. Sabuwar kuwa an cire mata madubin, haske na sauka kai tsaye a kan sensa, kai kuma kana kallon hoton a wani ɗan allo tun kafin ka ɗauka.

Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To, Baban yara, tunda sun cire mata wani abu, ai sai ta fi araha ko?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, na ga ba ni da ita. Na ce dare ya yi.

Dabarata ita ce in jira ƙarshen Nuwamba, lokacin garaɓasar da ake kira Black Friday. Asalinta Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa ce, wanda ke faɗowa Alhamis ta huɗu a watan, amma yanzu kusan kowane kanti na intanet ya ara ya yafa, wasu ma tun farkon wata suke fara kiɗan. Ni kuwa na rantse ba za a yi mini rawa da hankali ba. Na zana jadawali a kwamfuta, duk ranar Lahadi in shiga kantuna huɗu in rubuta kuɗin kyamarar da nake so tare da idonta, wato gilashin nan da ake ɗaura mata a gaba.

Kuma jadawalin ya yi rana. Da shi na kama wani kanti dumu-dumu: a Oktoba ya ɗaga kuɗin a ɓoye, da Nuwamba ta kama sai ya ja jan layi a kan sabon kuɗin, ya dawo da na Satumba, ya rubuta rangwame da manyan baƙaƙe. Ranar har tafiyata sai da ta canza. Na kira ƙanena a waya na kwashe masa labari, na ɗora masa da sauran tarkunan da na gano. Akwai masu sayar da kayan da aka shigo da su ta bayan fage, kyamarar gaskiya ce amma in ta lalace ba garanti. Akwai masu sayar da wadda aka daɗe ana gwaji da ita a kan teburin kanti, shi ya sa ake duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Sai waɗanda suka fi ba ni dariya, masu haɗa maka kyamara da tarkace ashirin su ce kyauta ne: jaka mai warin roba, sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku wadda ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta rusuna, tsumman goge-goge, da wata 'yar robar hura iska mai kama da abin wasan jarirai. Wannan 'yar roba na fi yi wa dariya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah ka saya ka huta, mu ma mu huta."

Daren Alhamis ban kwanta ba. Waya a hannun hagu, kwamfuta a cinya, katin banki a gefe kamar mai jiran a busa usur. Sha biyu ta gota kaɗan sai ga ta a wani kanti da ba ya cikin huɗun nan nawa. Ita ce, lambarta ce, launinta ne. Na duba kuɗin, na duba jadawali, na sake duba kuɗin. Ya sauka da kashi 35 cikin 100. A gefe ga wani jan agogo yana ƙirga mintuna da baya, a ƙarƙashinsa an rubuta saura guda biyu.

Duk karatun wata huɗu a nan ya zube. Mutumin da ke karanta sharuɗɗan garanti layi-layi, ga shi yana danna maɓalli da yatsa mai rawa. Na jefa ta a kwando. Aka ce in sa lambar da banki zai turo, lambar ta ƙi zuwa. Na tashi tsaye, na ɗaga waya sama, na je bakin taga, na dawo. Da ta zo, wa'adinta ya wuce. Agogo na ta ci. A karo na uku ciniki ya faɗa, na yi wata kabbara da ta tashi uwargida.

"Lafiya?"

"Na yi musu wayo," na ce.

Ta juya ta ja bargo.

Kwana uku ina yawo kamar wanda ya ci zaɓe. Ranar da kwalin ya iso na tara iyali a falo, na sa aka share tebur, na wanke hannu. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi, na ce musu kun ji amfanin cire madubi ke nan. Na buɗe a hankali. Ga kyamara sabuwa fil, tana ƙamshin kanti. Ga batir, ga igiyar ratayawa, ga wayar caji, ga takardu cikin harsuna barkatai. Na ɗaga kwalin ciki, na leƙa ƙarƙashi. Na zazzage. Na sa hannu na shafa kusurwoyi huɗu.

'Yar autata, mai shekara biyar, ta matso ta ƙura wa kyamarar ido, ta ce, "Baba, ina hancinta?"

Na ce ido ake cewa, kuma yana zuwa. Na lallaɓa ɗaki na buɗe saƙon cinikin. A nan na gansu, kalmomi biyu na Turanci a ƙarshen sunan kayan, ma'anarsu gangar jiki kawai. Ba a ɓoye suke ba, ba kuma da ƙananan baƙaƙe ba. Suna cikin sunan, suna cikin rasit, suna cikin saƙon da aka turo cewa kaya sun taso. Baƙin da'irar da na gani a hoton na ɗauka murfin ido ne, ashe murfin ramin da ake ɗaura idon ne. Wata huɗu ina rubuta kuɗin kyamara da idonta, na zo na gwada shi da kuɗin makauniya. Da na zauna na yi lissafi na gaskiya, ragin da na samu bai kai kashi 10 ba. Garin neman gira, an ce, a rasa ido, amma ban taɓa zaton karin maganar nan zai same ni baƙi da baƙi haka ba.

Sai na tuna ina da mafita. Tsohuwar kyamarata mai madubi tana cikin durowa da idanu biyu, kuma kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Na fito da fara'a na ce dama da gangan na yi, wa zai sayi abin da yake da shi? Na cire murfin sabuwar, na kwantar da ita a tebur ramin yana kallon sama, fanka na kaɗawa, na ɗauko tsohon ido na kafa. Ya ƙi shiga. Na juya hagu, na juya dama. Na ajiye, na goge zufa, na sake. Har na leƙa ramin na ga wani ɗan gashi-gashi a kan sensar, na kumbura kumatu na hure shi da baki.

Abin takaicin shi ne na san dalili, yana cikin karatuna. Da aka cire madubi sai aka matso da ido kusa da sensa, aka kuma canza bakin da ake ɗaura shi. A tsohon tsarin Canon tazarar milimita 44 ce, a sabon ta koma 20. Ta Nikon daga 46.5 ta dawo 16. Don haka tsohon ido ba zai zauna ba sai da adafta, ita kuwa adaftar, in ka cire 'yan wayoyin da ke isar da saƙo tsakanin ido da kyamara, zobe ne mai rami a tsakiya, aikinsa ya mayar da tazarar da aka rage. Na yi wa uwargida wannan bayani a sanyaye.

Ta ce, "Bari in gane. Ka biya kuɗi an cire madubi, yanzu kuma za ka biya kuɗi a sayar maka da gurbin madubin?"

Na ce ba haka ake faɗa ba.

"Amma haka ne?"

Na ce haka ne.

Don kada taro ya watse ba hoto, na shiga cikin saituna na tono inda ake ba kyamara izinin ɗauka ba tare da ido ba. Na ce kowa ya gyara. Suka jeru, auta ta yi murmushi har da karkatar da kai. Na danna. Abin da ya fito wani farin hazo ne fayau, ba kai ba ƙafa. Babban ɗana ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ya fito da kyau.

Washegari na koma kantin in ga yadda ake mayar da kaya. Jan agogon nan yana nan, ya koma farko yana sabuwar ƙirga, kuma har yanzu saura guda biyu. A ƙasa kaɗan ga kyamarata tare da idonta, cikin wani sabon rangwame, a kuɗin da bai kai abin da na biya ba in an haɗa da adafta. Na karanta sharuɗɗan mayarwa, wannan karon har ƙarshe: kuɗin aikawa a kaina, kuma tunda na buɗe kwali za a zaftare wani abu. Na rufe kwamfutar a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin marar lafiya.

Daga nan aljihu ya ɓalle. Adafta, wadda ko sisi ba a rage mata ba. Sabon memori, don tsohon nawa da na gwada bidiyo mai nauyi sai ya ɗauki 'yan daƙiƙu ya tsaya yana haki, ashe sai mai alamar V30 ko sama, wanda ba ya sauka ƙasa da megabayit 30 a daƙiƙa. Batir na biyu, don ita wannan kyamarar muddin tana kunne sensa da allo suna aiki, ba kamar tsohuwar ba da ke kwana da caji. Sai caja, don wayar caji kawai aka sa a kwalin. Uwargida ta karɓi jadawalina ta ƙara masa layi guda a gefe, ta sa masa suna Ribar Baban Yara, kullum kaya suka iso sai ta cike.

Da adafta ta zo, ido ya zauna da wata 'yar ƙara mai daɗin ji, sai na ji duk na yafe wa kaina. Na kwashi yara muka fita fili da yamma. Sama garau, na tsuke ƙofar haske zuwa f/16 don komai ya fito tar, na yi ta ɗauka har hoto arba'in. Gaskiya sun yi kyau. Na zaɓi goma na tura wa ƙanena don ya san yayansa ba wasa yake ba.

Bayan minti biyar ya kira. "Yaya, hotuna sun yi. Amma wannan tsuntsun naku ne? Na ga duk inda kuka je yana biye da ku."

Na buɗe a kwamfuta. A sama ta hagu ga wani baƙin ɗigo. Hoto na biyu, yana nan. Na goma, na arba'in, yana nan daram a wuri ɗaya, ko fiffike bai kaɗa ba. Ƙura ce, ko kuma, in za a faɗi gaskiya, ragowar hurin da na yi da baki. Tsuke ƙofar haske shi ke fito da irin wannan datti fili, kuma da yake ido kife hoto yake yi, abin da ya fito a sama yana can ƙasan sensar, inda na ɓata rabin sa'a ban duba ba. Na bincika yadda ake cirewa. Duk inda na karanta magana ɗaya ce: kada ka kuskura ka hura da baki, ka kifa kyamarar ka yi amfani da 'yar robar hura iska.

Na nemo ta a kanti na jefa a kwando, sai na ga an rubuta za a yi mata ragi a garaɓasar ƙarshen shekara, saura mako uku. Na ɗan yi jim, hannuna ya nufi jadawali.

Uwargida na tsaye a bayana ban sani ba. Ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta danna maɓallin biya da kanta.

Auta kuwa da ta ji za a kori tsuntsun sai ta fashe da kuka, wai ta riga ta raɗa masa suna.