Sharhi kan fim ɗin Chaplin na 1940

Wani labari ya ce wasu 'yan kallo a Agege, Legas, sun ɗauki The Great Dictator wasan yara, faɗuwa da jifa da abinci kawai. Jama'a, ku sake kallonsa da natsuwa. Ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin ya fitar da shi a 1940, Hitler na kan ganiyarsa, Amurka ba ta ma shiga yaƙi ba. Shi ya fito a mutum biyu: Hynkel mai mulkin kama-karya, wato kwaikwayon Hitler, da wani wanzami Bayahude mai kama da shi sak.

Ku duba wurin kujerun aski. Hynkel da Napaloni, wato kwaikwayon Mussolini na Italiya, kowa yana ta ɗaga kujerarsa don kansa ya fi na ɗan'uwansa tsayi. Siyasar ke nan, an nuna ta ba tare da wa'azi ba. Haka rawar da Hynkel ya yi da balan-balan mai siffar duniya: babu magana, kiɗa kawai, yana cilla ta yana cafewa har ta fashe masa a hannu.

Inda ake ɓata shi, wallahi, wajen masu yanka guntaye don waya ne. Irin wannan barkwanci da lokaci yake aiki: a nuna jiki gaba ɗaya, a ja rai, sannan a saki. Idan aka datse jan ran, ko mai fassara ya cika shirun da surutu, dariyar ta mutu. Masu gidajen kallo a Idi-Araba da Mile 12, don Allah ku sa shi cikakke, har jawabin wanzamin na ƙarshe.